Kafin ka biya ragowar kuɗin filin nan

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na saurari saƙon muryar da ka turo kan filin da kake shirin saye. Na ji zumuɗi a muryarka, shi ya sa na ga gara in rubuto, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Ka ce dillali ya sa wa filin suna miliyan 9, ka yi ta ja har aka sallama maka a miliyan 6 da rabi, wai ka tsira da miliyan 2 da rabi. Wa ya gaya maka filin ya taɓa kai miliyan 9? Mutumin da la'adarsa ke ƙaruwa idan kuɗin ya ƙaru. Kuɗin da aka fara faɗa yakan kafe a kan mai saye, duk tayin da zai yi sai ya riƙa kewaya shi. Kuma ba kai kaɗai ba ne. A 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun wallafa wani gwaji da suka yi. Sun kawo faifai mai lambobi ana juya shi a gaban mutane, amma an shirya shi ya tsaya kan 10 ko kan 65 kawai. Idan ya tsaya sai a tambayi mutum kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne ƙasashen Afirka. Waɗanda suka ga 10, tsaka-tsakin amsarsu 25 ce. Waɗanda suka ga 65 kuwa, 45. Lamba ce da kowa ya ga faifai ya fitar, ba ruwanta da tambayar, amma ta ja su. To ina ga wadda gwanin ciniki ya zaɓa da gangan? Ka manta da miliyan 9. Ka binciki nawa aka sayar da filaye masu girmansa a layin cikin shekarar nan, daga nan za ka fara lissafi.

Ka kuma ce ka yi shawara. Da wa? Da abokinka da ya riga ya saya a wurin, wanda ke neman maƙwabci, da shi dillalin. Ban ji ka ce ka je ofishin filaye ka duba takardun ba. So hana ganin laifi, wanda ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa masu cewa "e" yake nema. Je ka zauna da masu buga bulo a gefen, ka tambaye su ko ruwa na kwanciya a wurin a watan Agusta. Ka gaida mai unguwa, ka ji ko akwai magada da ba su sa hannu ba.

Na san abin da za ka ce: ai ka riga ka ba da kafin alƙalami dubu 500. Ingila da Faransa ma haka suka yi ta zuba kuɗi a jirgin saman Concorde, alhali alamu sun nuna ba zai mayar da abin da aka kashe ba, saboda suna ganin sun yi nisa. Guda 20 kacal aka ƙera, a 2003 aka ajiye shi. Dubu 500 ɗin nan ta fita daga hannunka, ko ka saya ko ka fasa. Miliyan 6 ce har yanzu take aljihunka. Da ba ka ba da ko sisi ba, yau za ka sayi filin a wannan kuɗi? Idan bayan bincike amsar "e" ce, bismillah, ni zan fara sa maka albarka.

Kawunka zai shigo garinku ranar Asabar, na roƙe shi ku je tare, ya fi mu sanin takardun fili. Kafin nan kada ka tura wa kowa kuɗi, ko da dillalin ya ce akwai wani mai saye a bayanka, dama haka suke cewa. Ka ɗauko hoton takardun ka turo mini. Mahaifiyarka na gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Mahaifinka