Fursunoni 'Yan Wicca Da Katin Tarot A Gidan Yarin Amurka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan sam min fili in tofa albarkacin bakina kan fursunonin nan na Amurka masu bin addinin Wicca da ke ta zuwa kotu wai a bar musu katin tarot ɗinsu a gidan yari, don na lura mutanenmu da sun ji sai dariya, wai ga boka a kurkuku yana neman haƙƙi.

Shi Wicca ɗin nan wani Bature ne Gerald Gardner ya fito da shi fili a Ingila bayan an soke dokar hana maita a 1951, suna bautar wata allahiya da wani allah, suna biki idan wata ya cika. Tarot kuwa kati 78 ne masu zane-zane, asalinsa ma karta ce kawai da ake bugawa a Italiya tun ƙarni na 15, daga baya ne aka mai da shi abin duba. Ni dai a wajena duba duba ne ko da kati ko da ƙasa, kuma kowa ya san hukuncinsa a Musulunci, wannan ba jayayya.

Amma fa jama'a a duba dokar da suke kafa hujja da ita. A 2000 ne Bill Clinton ya sa hannu a dokar RLUIPA, wadda ta ce gidan yarin da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya ba zai takura wa ibadar fursuna ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili kuma sai in babu wata hanya mai sauƙi. Jihar Ohio ta so a rushe dokar, cikin fursunonin da suka kare dokar a kotu har da mai bin Wicca, a 2005 alƙalan Kotun Ƙoli tara gaba ɗaya suka ce doka tana nan. To da wannan dokar ce a 2015 wani fursuna Musulmi a Arkansas, Abdul Maalik Muhammad, ya ci shari'ar barin gemu rabin inci bayan gandirobobi sun ce wai za a iya ɓoye reza a ciki. Ku tuna a 1987 kafin dokar, Musulmi a wani gidan yari na New Jersey sun nemi a bar su su je Juma'a, Kotun Ƙolin nan dai ta ce a'a, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Da Ohio ta yi nasara kan 'yan Wicca ai gemun nan ba zai tsira ba.

Su ma gandirobobin ba shirme suke ba gaskiya. Kati a gidan yari caca ce ke biyo baya, caca ta kawo bashi, bashi ya kawo wuƙa, ga kuma wanda zai zauna yana yi wa masu raunin zuciya duba yana cewa an kusa sakinka ko wane ne ya kai tsegumin ka, yana karɓe musu ɗan abin da suka tara, kafin ka ankara ya zama ubangida a ɗakin. Shi ya sa a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta amince da tsarin Arkansas, kati ya zauna a ofishin malamin addini na gidan yarin, mai shi ya je ya karɓa ya yi abinsa ya dawo da shi, ba ya kwana da shi.

Ni wannan tsarin ya kwanta min, sharaɗi ɗaya kawai, shi malamin da ke riƙe da makullin ya bayar duk lokacin da ƙa'ida ta ce a bayar ko da ganin katin yana ɓata masa rai, kar ya zama yau ba ya nan gobe a dawo jibi, don ofishin nan ɗaya ne fursuna Musulmi ma ke bi ya nemi Alƙur'ani da darduma da abincin sahur.

Na gode,
Wani mai karanta jaridarku.