Wasiƙa daga Tunis, daga teburina a kasuwar masu dara

Tunis, daren Lahadi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Baba da Hajiya da uwargida da yara. Ka yi mini afuwa. Wata biyu ke nan sai saƙon murya na minti ɗaya nake jefo maka, kai kuwa ka ce so kake na zauna na rubuto maka yadda ake ciki. To ga shi na zauna.

Ka tambaye ni ko da gaske a gidan shayi nake aikin ofis. Da gaske ne. Da safe ina Cibiyar Burgiba ta koyon harsuna, wajen karatun Larabcin da ya kawo ni. Da an yi azahar sai na saɓa jaka na nemi inda zan buɗe kwamfuta. Aikin dai fassarar nan ce da ka sani: su turo, na yi, na mayar musu. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne agogonmu ɗaya da na gida, idan ƙarfe biyu ta buga a Kano biyu ce a nan, don haka ba na raba dare saboda wani taro. Na so na riƙa aikin a ɗakin da na kama, amma taga ɗaya gare shi, shirunsa kuma ya yi mini yawa. Kwana uku na ji kamar bangon yana matso ni, sai na fito.

Ranar farko batir ya mutu ina tsakar aiki, domin soket ɗinsu mai rami biyu ne irin na Faransa, cajata kuwa mai baki uku ce irin tamu. Tun ranar adafta ba ta barin aljihun jakata, kuma kafin na dubi abin da ake sayarwa a wuri, bango nake fara dubawa na ga inda soket yake. Wuta kam tunda na zo ba ta taɓa tsayar mini da aiki ba. Har yanzu nakan tsinci kaina ina sauri na gama shafi kafin a ɗauke, sai na tuna ba a gida nake ba.

Gidajen shayin nan iri biyu ne. Akwai na gargajiya, wanda suke kira ƙahwa: maza zalla, karta, shisha, ƙwallo a talabijin, hayaƙi kamar ana toyi. Akwai kuma sababbi a unguwanni irin su Lafayet da Marsa da bakin tafki, inda samari da 'yan mata ke jere kowa da kwamfutarsa da abin ji a kunne, intanet mai ƙarfi, lambar sirrinta a rubuce jikin bango ko a ƙasan rasit. Idan ka ce “direkt” za a kawo maka gahawa da madara mai yawa, “kafusan” kuwa ɗan ƙaramin kofi ne mai ƙarfi da ɗigon madara. Ka'idar da ba a rubuta ba ita ce kada ka tare wa mutane tebur wuni guda da kofi ɗaya. Ni duk bayan awa biyu nake sake oda, in lokacin cin abinci ya yi wuri ya cika kuma na tattara na ba su waje. Sana'arsu ce, da ita suke ciyar da iyali.

Sati uku na yi a irin waɗannan sababbin wuraren, aiki yana tafiya kamar ruwa. Sai wata rana da yamma na ɗaga kai daga allon kwamfuta, na dubi fitilu da kujeru da kiɗan da ke tashi, na ga babu abu ɗaya da zai gaya mini a wane gari nake. Da Abuja ce ko Legas, haka zan gani. Abin ya tsaya mini a rai sosai. Na ƙetaro Sahara, na bar iyali, na zo birnin da aka haifi shahararren masanin tarihi Ibn Khaldun a 1332, amma abin da na sani a cikinsa bai wuce lambobin sirrin intanet guda huɗu ba.

Washegari na bi titin Habib Burgiba har ƙarshe, na wuce mutum-mutumin Ibn Khaldun, na shiga ta Bab Bahar, wato ƙofar teku. Daga nan tsohon birni ya fara, wanda suke kira Madina, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya tun 1979. Lungu ne ke haihuwar lungu, hanya tana ɗan hawa har ta dire da kai a Masallacin Zaituna. Ginin da ake gani yau ya samo siffarsa ne a 864, ginshiƙansa da yawa kuma daga kufan Kartaj, wani daɗaɗɗen birni da ke kusa da nan, aka kwaso su. Malikawa ne kamar mu. Limamin da na bi magariba da ƙira'ar Ƙaluna ya yi karatu, 'yar'uwar Warshun da muka taso da ita a makarantar allo, duka daga Nafi'u. Wallahi sai da ƙirjina ya yi nauyi don tuna gida.

A bayan masallacin akwai wata rufaffiyar kasuwa mai suna Shawwashin, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami. Ka san jar darar da Baba ke naɗa rawani a kanta ranar sallah? A nan ake yin irinta. Su shashiya suke ce mata. An gina kasuwar a ƙarshen ƙarni na 17, sana'ar kuwa ana danganta bunƙasarta da Musulmin Andalus da aka koro daga Sifen. Wani dattijo mai shago ya ga na tsaya na ƙura wa hulunan ido, ya tambaye ni daga ina. Da na ce Najeriya sai ya miƙe ya jawo mini kujera, ya ce mutanenmu da na Nijar suna cikin manyan masu sayen kayansu, yanzu da samarin Tunis suka rage sawa.

Ya ɗauko mini wata ƙatuwar jaka ta farin ulu, saƙar hannu, mai laushi, wadda za ta rufe kai har wuya. Ya ce wannan ce hular tun tana jaririya. Mata ke saƙa ta a gida, sai a kai ta wajen gari a jiƙa a yi ta bugu cikin ruwa da sabulu har ta tsuke, zaren ya haɗe, saƙar ta ɓace. Daga nan a taje ta da busasshen kan wata ƙaya har gashinta ya tashi, a rina, a ɗora a kan wani abu mai siffar kai ta bushe, a danne ta a matsi na katako. Yana magana yana taje wata a kan gwiwarsa, jan gashin ulu yana sauka a kan wandonsa. Shekara nawa muna wuce hulunan nan a Kurmi, ban taɓa tambayar hannun da ya yi su ba.

A tsakiyar kasuwar akwai gidan shayi, nan na samu teburina. Gaskiya ba wurin taron bidiyo ba ne. Katangun suna da kauri, rufin kuma na dutse ne, sai na jona kwamfuta da datar wayata, ita ma sai na matsa kusa da ƙofa take kamawa sosai. Don haka na raba aikina biyu. Abin da ke buƙatar intanet, taro da tura manyan takardu, ina gamawa a sabon gari. Ainihin fassarar kuwa, wadda ba ta son komai sai ƙamus da natsuwa, nan nake kawo ta. Mai kawo shayi ya san ni yanzu. Kafin na zauna ya ce “aslama”, wato sannu, ya ajiye mini shayin na'ana'a da 'ya'yan bunduƙ, wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da gyaɗa, suna yawo a samansa. Idan an kira la'asar na rufe kwamfuta na bar jakar wajen dattijon na tafi masallaci. Shafukan da nake yi a nan ba su kai na can yawa ba, amma ba na komawa na yi musu gyara mai yawa.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Taku kaɗan daga teburina akwai Kasuwar Birka, inda yau ake sayar da gwal. A da, nan ake sayar da bayin da aka ƙetaro da su Sahara, har Ahmad Bey, mai mulkin Tunis a lokacin, ya rufe kasuwar bayin a 1841, ya kuma haramta bauta a 1846. Jikokinsu suna nan, suna da wani kiɗa da ake kira sitambali, wanda ke da dangantaka da bori, a cikin waƙoƙinsa kuma har yau akwai kalmomin Hausa da na Barebari. Na tsaya a filin na daɗe ban iya tafiya ba. Baƙar fata kuma har gobe yakan gamu da kallo ko maganar da ba ta da daɗi a hanya, duk da dokar hana wariyar launin fata da suka kafa a 2018. Na gamu da hakan sau biyu, ya yi mini ciwo. Na kuma gamu da dattijon nan da ke tsare mini jaka kamar ta ɗansa.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasan da ke ratsa tafki ya bi ta Halƙul Wadi da Kartaj zuwa Sidi Bu Sa'id, garin nan mai fararen gidaje da shuɗɗan ƙofofi a kan tudu. Na tafi da kwamfuta, ban ko zuge jakar ba. Na sayi bambaloni, wani soyayyen fulawa mai sukari kamar fanke mai rami a tsakiya, na zauna ina kallon Bahar Rum har rana ta yi sanyi, ina ta cewa a raina da kana nan.

Yanzu ga aikin da zan ba ka. Ka samu zare ka auna kanka, ka lallaba ka auna na Baba ba tare da ya gane dalili ba, ka ɗora a kan tef ɗin tela ka turo mini awon. Dattijon ya ce zai zaɓar mana da hannunsa. Ta Baba ja ce, wannan babu tambaya. Kai kuma ka faɗa mini ja kake so ko baƙa irin ta mutanen Libiya.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Amininka