Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Janar Abdul Fattah al-Burhan Kan Samarin Da Suka Amsa Kiransa

Mai girma Shugaban Majalisar Mulkin Sudan, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, lokacin da ka yi kira ga duk saurayin da zai iya ɗaukar makami da ya fito, a watan Yunin 2023, ba kowa ne ya motsa ba. Sansanonin horo sun cika ne bayan da Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, ta faɗa hannun dakarun RSF da ke yaƙi da sojan Sudan a watan Disamba na wannan shekarar, sojojinka suka janye suka bar mutanen Jazira da Allah. Ina so ka riƙe wannan, domin a nan ne dalilin samarin nan yake. Ɗalibin da aka rufe jami'arsa, da direban da aka ƙwace motarsa, da manomin da aka kwashe dawarsa daga rumbu, ba kujerarka suka fito karewa ba, kuma ba su da ruwa da taƙaddamar da ta haɗa ka da Hamidati, shugaban RSF, kan ko a shigar da RSF cikin soja a shekara 2 ko a shekara 10. Sun fito ne saboda an shigo musu har tsakar gida, an ci mutuncin iyayensu mata da ƙannensu, kuma sun ji abin da ya faru a Wad al-Nura a Yunin 2024, inda aka kashe mutum fiye da 100 a yini guda.

Irin wannan saurayin zai yi 'yan makonni yana atisaye a filin makarantar firamare, wani da silifa a ƙafarsa, sannan a miƙa masa bindiga a tura shi gaba. Abin da ke riƙe shi a ramin tsaro idan abinci ya yi ƙaranci shi ne abokin da suka taso unguwa ɗaya yana kwance a gefensa, da kunyar komawa gida ya tarar da maƙwabtan da suka rasa 'ya'yansu, da kuma yardar da ya yi cewa ɓangaren da yake shi ne mai gaskiya.

Wannan yardar ce kake wasa da ita. A watan Oktoban 2024 ka yi wa Abu Aƙla Kaikal afuwa, mutumin da ya jagoranci dakarun RSF a Jazira a lokacin da ake wa mutanenta wannan ta'asa, sai ga shi ya wayi gari jarumin ƙasa. Mutanen Tambul da Sariha da Hilaliya ne suka biya kuɗin sauya sheƙarsa da rayukansu, sa'ad da RSF ta huce haushi a kansu. Bayan 'yan watanni, a Janairun 2025, yayin da ake murnar ƙwato Wad Madani, aka afka wa mazauna kanabi, wato ƙauyukan ma'aikatan gona na Jazira, aka kashe fararen hula a Kambo Ɗayba, kuma dakarun Kaikal ɗin ne ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama suka nuna wa yatsa. Waɗannan leburorin gona ne da kakanninsu suka zo daga Darfur da Afirka ta Yamma suka tsinci audugar Jazira shekara da shekaru, kuma mu Hausawa ba baƙi ba ne a cikinsu. Rundunarka ta kira abin laifin ɗaiɗaikun mutane, kai kuma ka kafa kwamitin bincike. To, ina sakamakonsa? Wa aka gurfanar? Ko kuwa kwamitin yana can yana neman hanyar Kambo Ɗayba a taswira?

Don Allah ka dubi yaron da ya fito daga kanabi ko daga Maiurno, garin Hausawa da Fulani, ya shiga sahu, ya binne abokansa a gefen hanyar Sinja, sannan ya ji cewa wani da ke ɓangare ɗaya da shi yana kallon danginsa a matsayin 'yan leƙen asirin abokan gaba saboda launin fatarsu da harshensu. Ba mu manta da rikicin Bulu Nayil na 2022 ba, da yadda aka riƙa tambayar ko Bahaushe yana da haƙƙin ƙasa a Sudan.

Kai ka fi kowa sanin yadda aka haifi RSF, tunda ka yi aiki a Darfur a zamanin da gwamnatin Albashir ke raba wa 'yan Janjawid makamai, kafin a yi musu suna da kaki a 2013. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Umarnin da ka bayar a Agustan 2025 na sanya dakarun da ke taimaka wa soja ƙarƙashin dokar soja mataki ne, amma ba zai yi ma'ana ba sai ranar da aka ga kwamanda a gaban alƙali. Akwai kuma batun waɗanda suka rasa ƙafa ko hannu, da zawarawa da marayun 'yan sa-kai, waɗanda ya kamata a rubuta sunayensu tun yanzu.

Abin da nake nema shi ne a buga rahoton kwamitin Kambo Ɗayba a fili, da sunayen waɗanda aka samu da laifi da ranar da za a fara shari'arsu.

Wassalam.