Masu shirin zuwa Mambila a kan babur, ku fara sanin hanya kafin ku sayi kyamara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina fatan ana lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa jarida albarka. Dan Allah ka ɗan bani fili in yi magana da ƙannenmu samari. Tun lokacin da Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur ya sauka Legas a watan Mayun 2022 don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna sha'awar doguwar tafiya a kan babur ta shiga kan yaranmu, ga kuma bidiyoyin turawa masu ratsa ƙasashe da suke kallo a TikTok da YouTube, yanzu majalisa kaɗan ce zaka zauna baka ji wani yana cewa shi ma bayan sallah zai ɗaure jaka ya nufi tsaunin Mambila na jihar Taraba ba. Ni sana'ata gyaran babur ce kuma na yi zama a Taraba, shi yasa suke zuwa shago neman shawara, to amma tambayar tasu kusan iri ɗaya ce, wane babur ne ya fi gudu, wace kyamara ake maƙalawa a hular kwano. Har yau ban ga wanda ya fara da tambayar hanyar kanta ba, alhali ita ce zata kai shi ko ta kayar da shi.

Ba hana su nake ba, wurin ya isa a je gani. A can Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, ga gandun Gashaka Gumti wanda ya fi duk gandun dajin ƙasar nan girma, ga gonar shayi ta Kakara, ga shanu a kan tuddai koraye shar har iyakar ganinka. Amma daga Kano zuwa can ba tafiyar wuni ɗaya bace ga mai babur. Zaka bi Wudil da Birnin Kudu ka faɗa Darazo da Dukku ka shiga Gombe, daga nan Kaltungo da Numan da Jalingo, sannan Bali da Serti da Mayo Selbe kafin ka fara hawan da zai kai ka Maisamari da Nguroje da Gembu. Duk wannan sunanta kwalta, ko da yake a wasu wuraren sunan ne kawai ya rage. Ainihin burji yana farawa ne in ka bar babban titi a wajen Nguroje ka nufi Mayo Ndaga da Njawai inda masu hawan dutsen suke ajiye abin hawa su ci gaba da ƙafa, ko ka nufi garuruwan bakin iyakar Kamaru irin su Dorofi da Kan Iyaka.

Abu na farko da nake gaya musu kuma basa son ji shi ne su manta da ƙaton babur ɗin nan mai ƙara da suke sha'awa. In wani abu ya lalace masa a Mayo Ndaga wa zai gyara, a ina za'a samo kayansa, sai dai a ɗora shi a tsohuwar Land Rover irin waɗanda har yanzu suke jigilar kaya a tsaunin a sauko da shi. Ga nauyi, in ya faɗi a cikin taɓo mutum ɗaya bazai iya ɗaga shi ba, in kuma aka zo fito a kogin Donga a ƙasan Gembu saka shi cikin kwale-kwale ma wani aiki ne. Boxer ko Honda ɗin da 'yan acaban yankin suke hawa kullum da buhun masara a baya, shi ne babur ɗin hanyar, duk ƙauyen da ka tsaya akwai yaron da zai kwance maka shi ya mayar kuma akwai mai sayar da filogi da tub ɗinsa.

Sai lokaci. Damina a Mambila ba irin tamu ta Kano bace, tana sauka da wuri ta daɗe bata ɗauke ba, kuma jar ƙasar can in ta sha ruwa sai ta koma kamar an zuba miyar kuɓewa a hanya, taya tana juyawa babur yana tafiya ta gefe, laka kuma ta cushe tsakanin tayar gaba da murfinta har tayar ta daina juyawa gaba ɗaya ka tsaya kana ƙwaƙulewa da kara. Baƙo ya bari sai ruwa ya ɗauke ƙasa ta bushe, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Shi ma lokacin yana da nasa, ƙurar hunturu a ƙasa, sanyi mai shiga ƙashi a sama, wanda ya fito da 'yar riga ɗaya don ya saba da zafin Numan zai gane kurensa da asuba a Nguroje, safar hannu da rigar sanyi mai kauri ba ado bane a can.

Hawa burji ma sai an koya, wanda ya ƙware a kutsawa tsakanin Adaidaita Sahu a titin Zoo Road kar ya ɗauka ya iya. A kan tsakuwa in ka damƙe birkin gaba da ƙarfi musamman a kwana sai ƙasa, birkin baya ake lallaɓawa tare da rage giya. A rage iskar taya kaɗan don ta kama ƙasa amma ba sosai ba, in ta yi laushi da yawa dutse ɗaya zai tsinke maka tub. Gargada tana kwance noti, saboda haka duk safiya kafin ka tada inji ka bi su da sifana, ka duba cen ka sa masa mai, ka buɗe matatar iska ka kakkaɓe don ƙurar da babur yake sha a bayan babbar mota a wuni ɗaya ta fi ta wata guda a cikin gari. In ka hau sama zaka ji babur ɗinka ya yi sanyi baya ja kamar da, ba lalacewa ya yi ba, iskar can bata kai ta ƙasa kauri ba sai mai ya fi iska yawa a kafireto filogi ya riƙa yin baƙi, ka riƙe biyu ko uku a aljihu. Saukowa kuma ta fi hawan haɗari, gangaren da ke tsakanin Maisamari da Mayo Selbe kwana ne a kan kwana, wanda ya saki babur a firi yana taka birki tun daga sama birkin zai ɗau zafi ya daina kamawa tun bai kai rabi ba, ka sa ƙaramar giya inji ya riƙe ka. Kayan da ba'a barinsu a gida su ne tub na gaba da na baya, kayan faci da famfon hannu, wayar kuloci, baƙin mai, ɗaurin roba da 'yar waya, sauran tarkacen duk nauyi ne kawai.

To amma Malam Edita abin da ya fi damuna ba inji bane, yadda ake kallon mai babur a Arewa yau ne. Yaran nan suna shirin fita su takwas su goma a jere don hoton ya yi kyau, kowa ya rufe fuska saboda ƙura, ga jarkar fetur a ɗaure a baya. Dan Allah mutumin ƙauyen da ya hango wannan ayarin daga gona me zai kawo a ransa, sojan da ke shinge fa? Kowa ya san cewa a 2021 jihohi irin su Zamfara da Katsina sun hana sayar da mai a jarka sun kuma taƙaita zirga-zirgar babura saboda da su 'yan bindiga suke ta'asa, mu nan Kano tun Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero aka hana goyo a babur, cikin garin Jalingo ma an daɗe da hana hawansa. Dokokin nan kowace jiha da nata, wani lokaci ma kowace ƙaramar hukuma, kuma ana sauya su ba tare da labari ya iso Kano ba, mutum zai iya shiga gari da zuciya ɗaya a ƙwace masa babur. Ku tafi ku biyu ko uku ya isa, ku buɗe fuska tun daga nesa in kun hango shinge, in an ce a sauka a tura a sauka a tura ba musu, takardun babur da rasit da lasisi da katin ɗan ƙasa su zama a leda a aljihun gaba. Maganar mai kuwa, ka auna tun a gida kilomita nawa tankinka yake kai ka, ka cika a duk gidan man da ka samu a buɗe ko da rabi ka sha, in ka shiga ciki sai 'yan bumburutu da kwalabe kuma farashinsu ba irin na gari bane, tace shi da ƙyalle kafin ka zuba. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana ka rarraba su, don inda babu sabis babu tiransifa babu mai POS.

Taswirar waya zata nuna maka layi ne kawai, bata san gada ta karye ba, bata san jiya an tare hanya ba. Gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ruwa ya cinye ta a 2024, kuma babban titin tarayya ne wannan, ina ga ƙananan gadojin katako na cikin tsauni. Masu labarin gaskiya su ne 'yan acaba da direbobin tasha, duk garin da ka kwana ka je tashar ka sayi shayi ka zauna ka tambayi wanda ya fito daga inda zaka yau ɗin nan, ba wanda ya bi ta bara ba. In sun ce kar a bi bayan la'asar to kar ka bi, in sun ce jira ayarin motocin kasuwa ka jira. Hanyar Numan zuwa Jalingo ta yi ƙaurin suna wajen tare matafiya, ba wurin da baƙo zai gwada jarumta da yamma bane. Ni a ganina duk wanda magariba ta same shi a kan babur a daji to lissafinsa ne ya ɓaci tun da safe, a fita bayan asuba a sauka kafin la'asar sakaliya, ai matafiyi an yi masa rangwamen ƙasaru, babu dalilin gaggawa. In an isa ƙauye a fara zuwa gaida mai gari ko Ardo a faɗi ko su waye da inda za'a, shi zai ba da masauki ya haɗa ku da ɗan jagora, kuma ko gaisuwa ce a koya da Fillanci don a tsaunin ya fi Hausa tafiya a wurare da yawa. Mai son shiga gandun Gashaka kuma ya biya ta ofishinsu a Serti ya karɓi izini. Kwanan daji irin na turawa da tanti a bar musu abinsu, ba banza aka yi asibitin masu fama da saran maciji a Kaltungo ba, kububuwa ta yi yawa a yankin.

A gida kuma a bar wa mutum ɗaya jerin garuruwan da za'a kwana, duk inda aka samu sabis a kira shi, don in an ji shiru a san daga ina za'a fara cigiya. Kuma a nemi yardar iyaye da gaske, ba a ce musu za'a je Gombe biki ba.

Roƙona gare ku Malam Edita, kuna da wakilai a Gombe da Yola da Jalingo, me zai hana ku ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a mako ku riƙa kawo mana halin da hanyoyin karkara suke ciki, inda gada ta karye, inda aka sa dokar hana babur da ƙarfe nawa take farawa, inda ake fito da kwale-kwale da nawa ake biya wa babur. Ba masu yawon buɗe ido kaɗai zai amfana ba, 'yan kasuwar da ke sauko da dankali da fiya da ayaba daga tsaunin da malaman makaranta da ma'aikatan asibitin da ake turawa can duk suna buƙata, kuma a yanzu sai dai kowa ya yi ta kiran 'yan uwa a waya yana tambaya.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka,
Wani mai gyaran babur, Kano