Zuwa Ga Ɗana, Kan Shagonka Na Intanet

Ɗana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na shiga shagon naka ta waya kamar yadda ka roƙa, na dudduba takalman da jakunkunan, kuma ina da magana.

Mai saye a intanet ba ya iya taɓa kaya. Ba zai murza fatar takalmi da yatsa ba, ba zai zura ƙafa ya taka ya ji ko ya matse shi ba. Hoto da maganarka kaɗai yake da su, kuma a kansu zai tura kuɗinsa ga mutumin da bai taɓa gani ba. Saboda haka duk gyaran da za ka yi, ka fara tambayar kanka ko zai ƙara masa natsuwa.

Hotunanka ne suka fi damuna. Da ganinsu na san na dillalan da kake sari a wurinsu ne, suna ƙyalli fiye da kayan. Ka ɗauki naka da hannunka, da rana, kusa da taga, a kan farin ƙyalle. Ka kifa takalmin a ga tafinsa, ka matso a ga ɗinkin gefe. Jaka kuwa ka zuge zif ɗinta a ga cikinta, sannan wani ya rataya ta a kafaɗa don a gane girmanta. In akwai ɗan ƙarzuwa a jiki, ka nuna, ka rage kuɗin. Wanda ya gani ya saya ba zai dawo da faɗa ba. Kuma kada ka tsaya ga rubuta lamba 42 kawai, domin 42 ta wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba. Ka auna tsawon cikin takalmin da santimita ka rubuta.

Na ga wasu kayan babu farashi, sai "a yi mini magana". Mutane da yawa ba za su yi ba, wucewa za su yi. Rubuta farashi a fili, da kuɗin kai kaya, da kwanakin da zai ɗauka. Cibiyar Baymard, wadda ke nazarin sayayya ta intanet, ta nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na masu zaɓar kaya su zuba a kwandon sayayya na shafi suna fita ba tare da sun biya ba, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan da suke bayarwa shi ne ƙarin kuɗin da ke ɓullo musu a ƙarshe. In ka ce kwana 3, to ya zama 3. In an samu tsaiko, kai za ka fara kira, kada ka jira shi ya neme ka.

Tambayoyin da ake maimaita maka kullum, ka tanadi amsoshinsu a WhatsApp Business, akwai wurin ajiye su. Amma mai ƙorafi, kai da kanka za ka amsa masa, da sunansa, cikin sanyin murya. Kada ka goge sharhin wanda ya kushe kayanka in gaskiya ya faɗa. Ka ba shi haƙuri a nan inda kowa ke gani, ka musanya masa. Masu shigowa daga baya suna karanta amsarka fiye da yadda kake zato. Ka kuma rubuta ƙa'idar mayar da kaya a taƙaice, ka tsaya a kanta ko da ranar da za ta ci ka ce.

Batun kuɗi, ɗana, ka saurare ni da kyau. Asusun shago daban, na aljihunka daban. Riba ba ita ce abin da ke tsakanin kuɗin sari da na sayarwa ba, sai ka cire kwali, da ladan mai kai kaya, da cajin da ake yanka wajen biya, da talla, da asarar kayan da aka dawo da su. Kada ka saki kaya don an turo maka hoton shaidar biya, ana ƙirƙirarsa cikin sauƙi. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a duk shafukanka, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara shigar da wata lamba kafin a shiga, kuma lambar sirrin da ke shigo maka ta waya kada ka karanta wa kowa, ko ya ce daga kamfanin yake. Lambobin abokan cinikinka ka adana su a wani wuri na daban, da yardarsu, domin ana iya rufe shafi dare ɗaya.

Ka ce kana son ƙara agoguna da turare. Ni dai a ganina ka dakata. Amazon ma, babban shagon intanet ɗin nan, da littattafai kaɗai ya fara a 1995. Kuɗin tallan da ka ware ka riƙe shi tukuna, babu amfanin kiran jama'a zuwa shafin da bai kintsa ba. Fara da kayan da suka fi fita, ka sake musu hoto da bayani, sannan ka turo mini in sake dubawa.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa kasuwar albarka.

Mahaifinka