Wasiƙa daga Gusau: 'Yan Ƙauye Sun Karɓe Dandamali

Gusau, Jihar Zamfara.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan hunturu ya kankama, hazo har ya ɓoye dutsen Kwatarkwashi.

Ka yi ƙorafi a waya cewa kullum ka kira sai ka ji hayaniyar yara. To, ga dalili. Shugaban makarantarmu ya ɗora mini ƙungiyar waƙa da wasan kwaikwayo, wai ai ni ke koyar da Hausa. Ƙungiyar nan ta kwanta tun 2021. Ka tuna a watan Fabrairun shekarar aka sace 'yan matan Jangebe, gwamnati ta rufe makarantun kwana, a Satumba kuma aka rufe sauran gaba ɗaya. Da aka dawo, duk abin da ba darasi ba sai aka jingine shi. Yanzu ma gwajinmu tsakanin azahar da la'asar ne, don babu uban da zai yarda ɗansa ya kai magariba a waje.

Ranar da muka fara, yaran cikin gari suka cika aji. Abin da suka zo da shi kwaikwayon finafinai ne: a kunna waƙa a waya, a riƙa motsa baki. Na ce a ajiye wayar, wa ya iya waƙar gaɗa, ko ta daɓe, ko ta daka? Tsit. Can baya sai wata yarinya 'yar aji huɗu ta miƙe. Tana cikin yaran da rashin tsaro ya koro iyayensu daga ƙauyukan Zurmi, Maru da Tsafe, waɗanda ke zama ƙarshen aji, ana yi musu dariyar Hausarsu da Turancinsu. Ta ba da waƙa, wasu biyu suka karɓa mata amshi, tafi ya hau. Mutumina, sai ka ga 'yan birni sun saki baki! Ita ce zabiyarmu yanzu, kuma masu tsokanarta jiya su ke bin ta ta gyara musu amshi. Mazan ma haka. Sun san gangar noma, sun san yadda ake zuga gwanin gayya har ya manta da gajiya, abin da ɗan Sabon Gari bai taɓa gani da idonsa ba. Wannan kaɗai ya ishe ni ladan wahalar.

Inda aka kai ruwa rana shi ne kiɗa. A taron iyaye da malamai wani dattijo ya tashi ya ce shi boko ya kawo ɗansa, ba roƙo ba. Ban ga bekensa ba, domin mu ma da wannan tunanin aka raine mu: a ji daɗin makaɗi, a yi masa kyauta, amma kada ɗanka ya taɓa ganga. Na dai tuna musu cewa ƙasar nan ce ta fitar da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, masu kiɗan kotso a fada, da Kassu Zurmi mai kalangu, kuma waƙoƙinsu ake nazari a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har a sami digiri. Adabin baka da wasan kwaikwayo suna fitowa a jarrabawar Hausa ta WAEC da NECO. Yaro zai rubuta cewa kotso fuska ɗaya gare shi, da hannu ake buga shi, kalangu kuwa fuska biyu, da makaɗi, ana matse tsirkiyarsa a hammata sauti ya sauya, alhali bai taɓa riƙe ko ɗaya ba. Maganar jarrabawar ce ta fi ratsa su. Aka tsaya a kan mata su yi nasu daban da tafi da ƙwarya, maza daban, babu rawar cakuɗa. Kalangu ɗaya muka samu aro, wani yaro da gidansu ke kusa da mahauta shi ke buga shi.

Wasan da za mu nuna ranar rabon kyaututtuka su suka tsara abinsu. Labarin wani magidanci ne da ya gudo birni da iyalinsa ya sauka gidan ƙanensa ma'aikaci, matar gida tana ƙirga loma. Sharaɗi ɗaya na kafa: ba wanda zai fito a ɗan bindiga, ko da sandar kara. Akwai waɗanda suka ga na gaske a cikinsu. Sauran kuwa barkwanci ne irin na tashe, da gemun auduga da tumbin tsumma, kamar yadda muke yi in azumi ya kai goma. Rigimar da nake raba yanzu ita ce kowa mai unguwa yake son zama, saboda rawani.

Ga bukatata. Ɗakin taronmu ba wuta, muryoyin yaran kuma ba su kai layin baya. Don Allah ka tambayo mini kuɗin ƙaramar lasifika mai caji da makirfo biyu a kasuwarku, mu gwada da farashin nan. In can ya fi sauƙi, sai ka ba direbobin da ke kai shanu su taho da ita, in turo maka kuɗin.

Ka gaida uwargida da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce ko Sallah ba ka leƙo ba, tana nan tana jiran ka da bakinta.

Wassalam,
Naka amini.