Ina Aka Bar Julia Domna?

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Kullum in an tashi zancen daular Rumawa, maza kaɗai ake ambata. To, ina aka bar Julia Domna? 'Yar Emesa ce, wato Homs ta Siriya, matar Sarki Septimius Severus, mutumin Leptis Magna a Libiya. Bayan rasuwar mijin a shekarar 211 Miladiyya, ɗanta Caracalla ya sa aka kashe ƙaninsa Geta tana rungume da shi. Wace uwa za ta jure wannan? Amma ita ce ta ci gaba da karɓar wasiƙu da koke-koken daular, shi Sarki Caracalla yana can fagen fama. Ta rasu a Antakiya a 217. Don Allah ku ware mata shafi guda.

Naku,
Wani malamin tarihi, Zariya